Zumar da Muka Hana Narkewa

Baffana, ƙanin mahaifina, ya iso gidanmu na Ƙofar Durbi ne a ƙarshen kaka, a bayan ɗan acaba daga tasha, da ƙullin tufafi da wani tulu rungume a ƙirjinsa. Ni na fara ganinsa, don na taso daga makarantar da nake koyarwa na biyo in gaida Inna, mahaifiyata, kafin in wuce gidana. Ban tambaye shi abin da ya kawo shi ba. Kowa a Katsina ya san abin da ke koro mutanen ƙauyukan bakin daji. 'Yan bindiga sun sha shiga garinsu, a zuwan ƙarshe suka kora shanu, suka cinna wa rumbuna wuta, jama'a suka watse. Matarsa ta daɗe da rasuwa, 'ya'yansa mata suna gidajen aurensu a wasu garuruwan, shi ya sa ya taho shi kaɗai. Abin da ke cikin tulun zuma ce, ita ya tsaya ɗauka kafin ya fito.

Baffa mai amya ne tun yana saurayi. Da hannunsa yake saƙa su da ciyawa, ya shafe da kashin shanu, ya turara, ya hau ɗorawa ko kirya ya ɗaure, sannan ya jira ƙudan zuma su shiga. Tun da na yi wayo ban taɓa ganin ya tako gidanmu hannu rabbana ba. Duk shekara akwai kason da yake kira zumar gidan Yaya, wadda ba ta zuwa kasuwa, kuma rasuwar mahaifina ba ta sa ya daina kawowa ba. Inna tana da inda take zuba ta, wata farar jarka ta roba mai ƙaramin baki, wadda mahaifina ya zo da ruwan zamzam a ciki shekarar da ya sauke farali. Ruwan ya ƙare tuntuni, amma jarkar ta zama 'yar gata a gidan. Ba a zuba mata mai, ba a ba da aronta, ba a ajiye ta inda ƙafa za ta taɓa. Inna ta ce albarkar tana nan a jikin robar, zuma kaɗai ta cancanci shiga.

Ranar da ya iso, bayan an yi jaje an ci abinci, ya tace zumar da kansa a tsakar gida, ya ɗura ta da mazurari har jarkar ta kusa cika. Inna ta ce masa ɗakin zaure nasa ne, ya zauna har Allah Ya kawo sauƙi. Tsakaninsu akwai wasan matar wa da ƙanin miji, sun tsufa suna yi, don haka ta ƙara da cewa dama ta daɗe tana neman mai gadi na kyauta. Bai yi dariya ba. Ya murɗa murfin jarkar ya ce, "Hajiya, ba ni iya zama gidan Yaya ina ci ban kawo komi ba. Zan zamna har wagga ta ƙare. In ta ƙare in koma in ga amyoyina."

Na san mazan gidanmu. Idan suka faɗi magana, ko za a yanka su ba sa tayar da ita. Mahaifina haka yake, Baffa ma ya fi shi. Daga ranar na daina kallon jarkar nan a matsayin zuma, na koma kallonta a matsayin kwanakin da suka rage wa Baffa a wurinmu. Gidan Inna kuwa gidan jikoki ne da maƙwabta, wannan tari, wancan ciwon baki, kowa a lasa masa. Na san ba za ta kai bazara ba. Kuma labarin waɗanda suka koma yana zuwa mana. Akwai maƙwabcinsa da ya koma don ya ɗebo ragowar hatsin da ya binne, har yau iyalinsa suna jira. Tsoro ya kama ni sosai, na rasa wanda zan faɗa wa, don Inna da an taɓo zancen sai ta tashi ta kama wani aiki.

Sai sanyi ya shigo. Wata safiyar Asabar na tarar da Inna a ɗaki ta karkata jarkar a kan kofi tana jijjigawa, ko ɗigo bai fito ba. Na karɓa na leƙa. Zumar ta daskare tun daga gindi har wuya, ta yi fari-fari kamar man shanu, in ka sa tsinke ka lakato sai ka ji tsaki-tsaki a harshe. Bakin jarkar kuwa ko ƙaramin cokali ba ya shiga. Na ɗago na dubi Inna, ita ma ta dube ni. Ta karɓa ta rufe ta mayar bayan gado.

A nan ya kamata in faɗi gaskiyar lamarin: babu macen da ta taɓa riƙe gida a garin nan da ba ta san maganin daskararriyar zuma ba. Ba lalacewa ba ce, halinta ne idan ta ji sanyi, wata ma tun ba a je ko'ina ba take yi. Ruwan ɗumi ake samu a tsoma mazubin a ciki, a yi haƙuri, ta saki. Ni na sani, Inna ta fi ni sani. Amma da Baffa ya ji labari ya ce a kawo ya duba, sai Inna ta kafe. Ta ce jarkar Alhaji ba ta shiga ruwan zafi, roba ce, za ta lanƙwashe. Yanka ta kuwa, sai dai bayan ranta. Ni kuma na kawo tawa gudummawar ta 'yan boko, na tsaya ina zuba bayani wai zafi yana kashe maganin da ke cikin zuma, kamar ba ni ce nake zuba ta a tafasasshen shayi ba. Baffa ya saurare mu har muka gama, mutumin da ya narkar da zumar da ta fi ƙarfin lissafi. Ya ce to, a bar ta. A lokacin na ɗauka mun yi masa wayo. Yanzu ina ganin shi ma tsoron yake ji, ya samu inda zai fake.

Haka muka ci sanyin nan da zuma cike da jarka ba mai lasa. Baffa yana zaure. Zaman birni bai karɓe shi ba ko kaɗan. Kafin kowa ya fito ya share ƙofar gida har da ta maƙwabta, ya gyara ƙyauren da ba abin da ya same shi, ya ɗaure igiyar shanya da ba ta kwance ba. Da hantsi sai ya taka har Babbar Kasuwa, ya zauna wajen 'yan hatsi, don a nan mutanen ƙauyuka ke sauka, ya yi ta tambayar wa ya ga wane, wace hanya ake bi yanzu. Ya dawo ya ci kaɗan ya ture kwano. Rigunansa suka yi masa yawa. Wani lokaci in Inna ta zo wucewa za ta unguwa zai ce, zumar ta saki kuwa? Ita kuma ta ce tana nan kamar dutse, ai ta fi shi son zaman birni.

Cikin haka tari ya kama Inna, irin mai hana magana. Ga zuma a bayan gado, amma na je kasuwa na sayo kwalba guda, na naɗe a cikin gyale na shigo da ita kamar kayan sata. Muna zuba mata a koko da lemun tsami. Wata rana aka haɗa kokon a jug ɗaya, aka zuba wa Baffa nasa daga ciki ba tare da kowa ya lura ba. Ina shirin tafiya ya kira ni zaure. Kofin yana gabansa, kurɓa ɗaya ya yi ya ajiye.

"Ɗiyata," ya ce, "ina cikin gidan ga ake sayen zuma kasuwa?"

Ni mai saurin fushi ce, kowa ya san ni da shi, kuma tsoron da na daɗe ina haɗiyewa ya samu ƙofa. Na ce masa e, an saya, kuma za a ƙara saya. Na ce amya ciyawa ce da kashin shanu, in an ƙone ta a saƙa wata, amma shi in aka ɗauke shi ina za mu samo wani. Na ce mun binne uba ɗaya, ba mu shirya rasa na biyu saboda ƙwari ba. Na faɗi wasu maganganun ma da ba a faɗa wa ƙanin uba. Sai da na gama ya ce in gaida maigidana. Na fita ina huci, na yi kuka a hanya, kuma ko yau aka maimaita abin da zan faɗa ke nan.

Bayan wannan ya daina tambayar ko ta saki. Sanyi ya ja baya, zafi ya fara kankama, irin na Katsina da ke sa bango ya yi ta huci har bayan la'asar. Inna ta tsorata kada ɗumin ɗaki ya yi mana aikin da muka hana ruwan ɗumi. Sai ta ɗauko jarkar daga bayan gado, ta tona jiƙaƙƙen yashin da ke gindin randa a inuwar rumfa, ta binne ta har kafaɗa, ta rufa mata jiƙaƙƙen buhu. Safe da yamma tana yayyafa mata ruwa kamar mai renon shuka. Kuma hankalinta bai kwanta ba, kullum sai ta buɗe murfin ta zura tsinke ta ji ko tana nan da taurinta, sau da yawa da jiƙaƙƙen hannu, daga alwala ko daga wanke-wanke. Na gani, ban hana ba, har na ce dabara ce mai kyau.

Ba mu san abin da muke yi ba. Zuma ba ta shiri da danshi. A hankali ta rabu biyu, ƙasa daskararre, sama wani ruwa tsararo. Zafi ya samu ruwan nan ya fara aiki. Wata rana da azahar Inna ta aiko a kira ni, na tarar da ita tsugune a gindin randa. Jarkar ta ɗan kumbura, da ta sassauta murfin sai da ta yi tsaki, kumfa ya taso a wuya, wani wari mai tsami-tsami ya bugi hancina. Na ce mu tsiyaye na saman mu zubar, mu yi shiru. Inna ta ce ita ba za ta iya zubar da zumar da bawan Allah ya rungumo yana gudun ransa a kwata ba. Muka fara musu, muryata kuwa ba ta san ƙasa-ƙasa ba.

Sai muka ji sallama. Baffa ba ya shigowa cikin gida sai an kira shi, amma ranar ya shigo. Ya dubi ramin, ya dubi buhun, ya dube mu. Na ga lokacin da ya gane komai, kuma kunya ta rufe ni kamar an kama ni ina ɗaure ƙafar babban mutum. Ya tsuguna ya zaro jarkar, ya share yashin da gefen rigarsa, ya shinshina.

"Hajiya," ya ce a hankali, "in aka bar ta haka, giya za ta zama. Cikin jarkar zamzam."

Duk hujjar da Inna ta riƙe tsawon sanyi ita ce darajar jarkar nan, ga shi an juyo mata da ita. Ta tashi ta shiga ɗaki. Baffa ya tsiyaye ruwan saman a hankali a cikin wani kwano, ya kai gindin bishiyar darbejiya ya tona ƙasa ya zuba ya rufe. Ya ce ta ƙasan lafiyarta lau, amma ba ta ƙara jira. Sannan ya ce in ɗora ruwa in kawo babban daro.

Ni na dafa ruwan da aka narkar da zumar nan, da hannuna, ina yi ina jin haushin kaina. In na kawo sai ya sirka da na sanyi, ya tsoma bayan hannunsa, in ya ji zai iya barinsa a ciki ba tare da ya janye ba, to ya yi. Ya zaunar da jarkar a tsakiyar daron, ruwan ya tsaya a kafaɗarta, bai yarda ko ɗigo ya kusanci bakin ba. Ya sassauta murfin kaɗan. In ruwan ya huce ya zubar a sake wani, lokaci-lokaci ya ciro ta ya jujjuya a tafin hannunsa ya mayar. Na so a ce ya ƙosa ya ce a ƙara wuta, ko robar ta lanƙwashe in samu abin faɗa. Ko alama. Aka wuni ana yi, washegari aka ci gaba. Farin ya rinƙa ja da baya daga gefe zuwa tsakiya, har ta koma ja, tana motsi a hankali in an karkata. Rabona da ganin Baffa cikin natsuwa irin ta kwana biyun nan tun kafin ya baro gida. Har 'yar waƙa na ji yana yi ƙasa-ƙasa.

Duk da haka ban fid da rai ba. Na ce a zuciyata ko ta narke ai da saura da yawa, in muka yi ta lasa da tsinke za ta kai mu damina, kafin nan wa ya sani. Da ya ce a tara masa ƙananan kwalabe a wanke a kife a rana su bushe ƙayau, na ɗauka don kada ta sake daskarewa a inda cokali ba ya shiga ne. Na taya shi ma. Ya ce kowace a cika ta, a toshe da kyau, a ajiye a inuwa inda babu danshi, kuma kada a sa mata jiƙaƙƙen cokali. Ya jera su a kan tabarma, ya ɗura, ya goge bakin kowace.

Sai ya fara rabo. Wannan ta liman, wannan ta maƙwabcin da ya fara zuwa yi masa jaje, wannan ta mai shayin bakin layi da ke hana shi biya, wannan ta mai hatsin da yake zama a rumfarsa. Ya ware ta gidana, ya ware babba ta Inna. Ya sa hula ya bi gida-gida da kansa. Kafin la'asar jarkar tana kife, babu komai a ciki. Na tare shi a zaure na ce wannan ai zamba ce, cewa ya yi zai zauna har ta ƙare, bai ce har ya rabar ba. A nan ne ya yi dariya, ta farko tun zuwansa, har haƙoransa na goro suka bayyana. Ya ce mu ma ai mun yi tamu, shi bai ce komai ba.

Inna ta fito zaure da kanta, abin da ba ta saba ba. Ta ajiye wasa gefe. Ta roƙe shi don Allah, ta roƙe shi don darajar wansa da ke kwance a kabari, ta ce in abinci ne yake jin nauyi, to hatsin gidan nan ai da gumin gonar ubansu aka fara tara shi. Ya sunkuyar da kai yana saurare. Ya ce ɗorawa ta yi fure tuni, amyoyin da suka tsira sun cika, in ba a yanke zumar ba ƙudan za su tashi. Ya ce an ce wasu sun fara komawa, suna kwana a garin da ke bakin titi su shiga da rana. Inna ta ce an ce, an ce, wa ya gani da idonsa.

"Hajiya," ya ce, "can ina jin tsoro, nan ina jin kunya. Na gwada duka biyun. Tsoron ya hi mani sauƙi."

Washegari da safe Inna ta haɗa masa ƙullin garin kunu da ƙuli-ƙuli, ta miƙo ta bayan labule, ta ce Allah Ya tsare, amma ta ƙi fitowa. Ni na raka shi. Muka hau kurkura, keken nan mai ƙafa uku, zuwa tasha. Motar yankinsu tsohuwa ce, ta daɗe ba ta cika ba, don masu zuwa can ba su da yawa. Na tsaya a jikin taga ina ta jero masa sharuɗɗa kamar ina gaban ɗalibai: kada ya kwana a garinsu, kada ya shiga daji shi kaɗai, ya kira ni kullum in ya samu inda sabis yake, ko sau ɗaya ne a rana, in ji muryarsa kawai.

Ya sa hannu a aljihu ya ciro 'yar wayarsa, mai madannai, wadda aka ɗaure bayanta da roba. Na ɗauka lambata zai ce in duba masa. Sai ya kamo hannuna ya saka ta a ciki ya rufe da nasa.

"Riƙe wagga wurinki," ya ce. "In suka kama mutum, waya suke hwara dubawa, su ga wa gare shi birni. Ba ni son su gan ki, ba ni son su ga Hajiya."

Na ce to ta yaya za mu ji lafiyarsa. Ya ce direbobi suna zuwa ranar kasuwa. Sai yaron mota ya buga ƙofa, suka ja. Na tsaya a tashar da waya a hannu har mai sayar da ruwa ya tambaye ni ko lafiya.

Sau ɗaya wani direba ya ce ya gan shi a garin bakin titi, yana ɗauke da tsani. Daga baya direban ya daina bin hanyar, wanda ya maye gurbinsa kuma bai san shi ba. Wayar tana wurina. Ina yi mata caji, ba na bari ta mutu. Takan yi ƙara wani lokaci, in ɗauka da sauri, sai in ji mutanen garinsu ne da suka watse, wani daga nan, wani daga can, suna cigiyarsa. Mu gaisa, su tambaye ni ko na ji labarinsa, ni ma in tambaye su.